Kujerar Tsakiya

Litinin, 1:20 na rana

Yaya ya yanke magana jiya a waya: in kai masa Inna. Ya ce kusa da gidansa akwai asibitin masu ciwon mantuwa, kuma matarsa tana gida kullum. Ya ce, "Auta, shekara uku kina fama ke kaɗai, ya isa haka." Ban yi musu ba. Da a watan jiya ne da sai an ji kanmu a kan wannan magana, amma watan jiya ba a yi Larabar nan ba.

Zaɓen jirgi ya bar mini, tunda sana'ata ce. Shekara goma sha shida ina ofishin nan ina sayar wa mutane tikiti. Na san jirgin da ke da faɗin kujera, na san wanda ke watsar da jakunkuna a hanya, amma ƙafata ba ta taɓa taka matakalar ko ɗaya ba. Wanzami ba ya son jarfa. Agogo, abokiyar aikina ta teburin kusa, wadda biyar na bugawa take saɓa jaka har sunan ya bi ta, ta ce ranar da zan tashi sai ta ɗauki hutu ta zo kallo.

Kamfani uku ke zuwa garin Yaya, kuma a ofis da launin wutsiyar jirgi muke kiransu. Mai shuɗi kai tsaye yake tafiya, awa goma sha huɗu ba sauka. Mai ja yana yada zango sau ɗaya, a yi zaman jiran awa bakwai. Mai kore sau biyu yake sauka, kwana da yini a hanya. Ba sai an faɗa wa kowa wanda ya dace da tsohuwa mai shekara saba'in da takwas ba.

Tikiti biyu. Ɗaya zuwa da dawowa, ɗaya zuwa kawai.

Talata, 10:05 na safe

Mai shuɗi yana da takarda. Na sha miƙa wa mutane ita, amma ban taɓa karanta ta da idon mai uwa ba sai yau. Duk fasinja mai ciwon mantuwa sai an cike masa, likita ya sa hannu. Tambaya ta tara tana cewa: "A cikin wata shida da suka wuce, fasinja ya taɓa yin abin da ya jefa kansa ko wasu cikin haɗari?" Gurbi biyu ne, e ko a'a. In ka ce e, takardar ta wuce wurin likitan kamfanin, shi kuwa na san halinsa, da wuya ya bar mutum ya hau.

In suka ƙi ta, muna nan ni da ita a gidan nan, tare da bangon kicin ɗin nan, muna jiran wata Larabar. Wannan shi nake tsoro, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Takardar mai ja tambaya biyar ce. Mai kore ba ya tambayar komai, in dai kana numfashi ka shiga.

Yaya ya san an yi ɗan abu a kicin. Ɗan abu na ce masa.

Laraba, 6:00 na yamma

Lafiya lau.

Alhamis, 12:45 na rana

Na riƙe mana kujeru a mai shuɗi. Mu masu sayarwa muna iya riƙe wuri har mako biyu kafin a fitar da tikiti. Na yi dabarar da nake wa duk ma'auratan da suka yi mini kirki: a layi mai kujera uku, ka ɗauki ta bakin taga da ta bakin hanya, ka bar ta tsakiya. Ba mai son matsewa tsakanin baƙi biyu, sai jirgi ya cika maƙil ake waiwayarta. Sai ku sami wurin miƙe ƙafa a ɓagas. Na ga Inna a raina tana kwance, kanta a cinyata.

Layi na talatin da biyu. Jirgin ko rabi bai yi ba, taswirar kujeru fari fat, ga layuka nan ba kowa gaba da baya.

Na tashi na haɗa shayi, na dawo. Ta tsakiyarmu ta koma ruwan toka. Wani ya ɗauke ta.

Na nuna wa Agogo. Ta ce, "Ƙawata, akwai mahaukata a duniya. Wataƙila mai son hira ne, ki tanadi kunne."

Juma'a, 7:30 na yamma

Ban gaya wa Inna maganar tafiya ba, ina jiran lokaci. Na dawo aiki na zare sakata, sai na same ta ta sauko da tsohon akwatin nan daga kan kabad, tana ninke zannuwa. Yadda ta sauko da shi Allah kaɗai ya sani.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

Ta ce, "Awa goma sha huɗu ai ba wasa ba. Ki sa masa rigar sanyi."

"Wa?"

Ta ci gaba da ninki. Har yanzu tana tarin nan, busasshe, kamar hayaƙin bai gama fita ba.

Da muka zauna kallo a doguwar kujera, na matsa kusa da ita yadda na saba. Ta ture ni da gwiwar hannu. "Ja can, kin takura shi." Na ja. Muka zauna, ita a wancan gefe, ni a wannan, wuri ɗaya a tsakaninmu ba kowa. Na ƙara ƙarar talabijin.

Asabar, 11:00 na safe

Na yi wa bangon kicin fenti karo na biyu. Da ya bushe baƙin ya sake fitowa, daga inda labule yake har rufi.

Litinin, 2:10 na rana

Na saki mai shuɗi. Na ce wa Yaya awa goma sha huɗu a zaune zai kumbura mata ƙafa. Ya ce, "Ke kika san aikinki." Da ya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi.

Na koma mai ja. Tambayoyinsa biyar a kan zuciya da numfashi suke, ba ruwansu da kicin ɗin kowa. Matsalarsa zangon nan. Na san filin jirgin a taswira, daga ƙofar sauka zuwa ta tashi tafiyar minti arba'in ce, har da ɗan jirgin ƙasa a ciki. Awa bakwai da Inna a wurin da duk ƙofofi iri ɗaya ne. In na shiga banɗaki wa zai riƙe ta?

Duk da haka na riƙe. Layi na arba'in da ɗaya, taga da bakin hanya. Na zauna na zuba wa allon ido ban ƙifta ba, kamar kyanwa a bakin rami. Sai ga wani dattijo ya shigo yana son canza rana, na juya na sallame shi. Minti goma bai cika ba.

Ruwan toka.

Ban nuna wa Agogo ba.

Talata, 8:15 na safe

Ban sani ba ko na rubuta wannan: shekara goma sha shida ina sayar da tikiti, ban taɓa hawa jirgi ba. Wanzami ba ya son jarfa. Na faɗa wa Agogo yanzu, ta yi dariya kaɗan, ta ce na faɗa mata jiya.

Laraba, 6:00 na yamma

Lafiya lau. Sau uku na dawo daga bakin titi na duba gas.

Alhamis, 7:50 na yamma

Inna ta ƙi cin abinci sai da na kawo faranti na uku. Na kawo, na ajiye a tsakiya. Ba ta zuba komai a ciki ba, ta dai daidaita cokalin.

Ta ce, "Babanku ba ya son bakin taga. Jiri yake sa shi."

Baba shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa. Bai taɓa shiga jirgi ba, ko filin jirgi bai taɓa gani ba sai daga nesa. Na ce, "Inna, Baba ya rasu." Ta yi mini wani kallo, irin wanda take mini ina ƙarama in na yi shirme a gaban baƙi. Ta ce, "To wa ya ce bai rasu ba?"

Na wanke faranti uku.

Juma'a, 1:00 na rana

Mai kore. Jirgi uku, sauka biyu, awa talatin da ɗaya. Kamfanin da nake hana maƙiyina shiga. Shekaran jiya ma na hana wata mata da jariri, na ce mata araha ba ta ado. Yau ga ni ina riƙe wa uwata.

Amma ba ya tambaya.

Jirgi na farko layi na sha tara, na biyu layi na ashirin da shida, na uku can ƙarshe kusa da banɗaki, inda ba mai so. Na tafi salla na dawo.

Duka ukun.

Na shiga banɗakin ofis na buɗe famfo don kada a ji ni.

Asabar, 4:30 na yamma

Maƙwabcinmu direba ya ƙwanƙwasa. Shi ne ya shigo ranar nan da wuta ta kama a kicin. Tun lokacin in mun haɗu a matakala gaisuwa kawai muke, sai ya sunkuyar da kai. Yau ya zo da guduma da ƙusoshi, ya ce zai gyara ƙofar da ya ɓalle.

Na nuna masa ta kicin. Ya tsaya.

Ya ce, "Maƙwabciya, ai ta kicin a buɗe na same ta. Ta ɗakin Mama ce na ɓalle."

Na ce to.

Ya ce, "Hayaƙi ya hana ni ganin sakatar, shi ya sa na sa kafaɗa. Sai daga baya na ga ashe ta waje aka saka ta. Zarewa kawai zan yi."

Na ce Allah ya saka da alheri. Ya gyara, ya ƙi shan ruwa, ya tafi.

Sakatar ni na sa aka kafa ta bara, bayan an tsinto Inna a tashar mota ba takalmi. Kullum zan fita aiki sai na saka. Kowa ma haka zai yi. Akwai ruwa a ɗakin, akwai banɗaki, akwai rediyo.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Litinin, 5:40 na yamma

Biyar ta buga, Agogo ba ta tashi ba. Tun da nake da ita ban taɓa gani ba. Ta jira manaja ya fita, ta jawo kujerarta kusa da tawa.

Ta ce, "Ƙawata, manaja ya sa in share wuraren da aka riƙe ba a saya ba. Zo ki ga wani abu, kuma don Allah kada ki yi fushi da ni."

Ta buɗe. Mai shuɗi, mai ja, mai kore sau uku. Kujerun tsakiya biyar. Kowace an riƙe ta daga ofishin nan, daga kwamfutata, da lambar shigata, 'yan mintoci bayan na riƙe namu.

Na ce wani ya saci lambata. Ta ce, "Duba sunan fasinjan."

Sunan Baba ne. Cikakke, har da na tsakiyan da ba ya so a kira shi da shi. Da ranar haihuwarsa daidai.

Na ce ba ni ba ce. Ta ce, "Ranar Juma'a ina kallonki. Kin tashi za ki salla, kika dawo kika zauna, kika yi rubutu kina murmushi, sannan kika fita. Na ɗauka saƙo kike turawa."

Ban tuna ba. Na laluba kaina ko'ina, ba komai a wurin, kamar aljihun da aka yanke. Ta riƙe hannuna. Nata da ɗumi, nawa kamar ƙanƙara.

Ta ce, "Yaushe rabonki da barcin kirki?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Talata, 6:50 na safe

Da wa ya gaya wa Inna awa goma sha huɗu ne?

Laraba, 6:00 na yamma

Ban je aiki ba. Ban saka sakata ba.

Alhamis, 10:30 na safe

Wani lokaci Inna tana dawowa. Ba ya daɗewa, kamar rana ta leƙo cikin hadari. Yau ina taje mata kai ta dawo. Na gane daga yadda ta miƙe wuya.

Ta ce, "Auta, kin rame."

Na ce aiki ne.

Ta ce, "Ranar nan ina jinki. Kin ɗora mai a wuta, wayarki ta yi ƙara, kika zo kika ce mini sai kin dawo, kika saka sakata. Na yi ta kiranki, kin riga kin sauka."

Na tsaya da matajin a hannu.

Ta ce, "Da mutane suka taru suna tambaya, na ga fuskarki. Sai na ce ni ce. Ni an saba da ni. In an ce ke ce, wa za su bar mini?"

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Tana shafa mini kai. Can sai hannun ya tsaya, ta ce, "Baiwar Allah, ke kuwa wa ya taɓa ki?" Ta tafi.

Kusan mako uku ina gudun tambaya ta tara, daga kamfani zuwa kamfani, har na yarda in ja tsohuwa awa talatin da ɗaya a sama. Ashe amsarta a'a ce. Ba ta yi komai ba.

Juma'a, 3:15 na rana

Na koma mai shuɗi. Mun je wurin likitan Inna da takardar. Ya cike, ya zo ta tara, na ce a'a da ƙarfi har ya ɗago kai. Ya juya shafi na biyu, na mai rakiya: "Na tabbatar zan iya kula da fasinja ni kaɗai har ƙarshen tafiya." Ya miƙo mini biro.

Na riƙe shi. Na ajiye.

Na gaya masa duka, man, sakatar, kujeru biyar. Bai katse ni ba. Ya faɗi kalmomi uku ya ce in riƙe, ya sa na zana agogo a takarda, ya tambaye ni ranar wata. Irin abin da na sha zama a gefe ina kallon yana wa Inna. Da ya tambayi kalmomin na kawo biyu.

Ya ce, "Malama, yana iya zama gajiya, yana iya zama wani abu. Ba zan yanke yau ba, sai an yi gwaji a can. Amma ba ke za ki kula da kowa a tafiyar nan ba." Ya ɗauko takarda ta biyu, sabuwa, ya tambayi cikakken sunana.

Asabar, 9:00 na safe

Na gaya wa Yaya. Komai, a waya. Sai ya ce, "Auta, me ya sa ba ki faɗa ba?" Na ce ban san ina da abin faɗa ba. Ya ce ɗakin da suka gyara yana ɗaukar gado biyu. Muryarsa ba daidai take ba.

Na ce, "Tikitina na dawowa fa?"

Ya ce, "Ki zo tukuna."

Litinin, 11:20 na safe

Likitan mai shuɗi ya amince, da sharaɗin ma'aikatansu su raka mu daga ƙofa zuwa ƙofa, Yaya ya karɓe mu hannu da hannu. Agogo ce ta fitar da tikitin, ni ina zaune a kujerar baƙi, hannuwana a cinya. Ta sa mu a can baya inda jikin jirgi ke tsukewa, layi mai kujera biyu kacal. Ni na koya mata wannan shekarar da ta zo, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini ba.

Ban tambaye ta ko tikitina ma na zuwa kawai ne ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Na kwashe kofina da hoton Inna daga kan tebur.

Alhamis, 2:35 na rana, filin jirgi

Wurin ya fi yadda nake faɗa wa mutane girma. Ƙasan yana ƙyalli, murya tana fitowa daga sama ba ka ganin mai magana. Maƙwabcinmu direba ya kawo mu, Agogo ta biyo mu har inda aka tsayar da ita.

Yarinyar da ke teburin karɓar fasinja ta duba fasfo, ta duba allo, ta ɗauko kati biyu masu igiya, irin wanda ake rataya wa fasinjan da ba a bari shi kaɗai. Ta sa aka ɗora Inna a keken marasa lafiya, ta rataya mata ɗaya. Na miƙa hannu in karɓi ɗayan, ta yi murmushi, ta zagayo ta rataya mini da kanta. Ta ce mu zauna nan, kada mu motsa, wata za ta zo.

Mun zauna. Na so in je banɗaki, na miƙe, na yi taku kamar goma, na waiga. Kujerun duk iri ɗaya, mutanen duk sun juya baya. Ban san ta ina na fito ba. Na tsaya cak, katin yana lilo a ƙirjina.

Sai na ji an kama mini hannu ta baya, da ƙarfi, a wuyan hannu. Inna ce. Ta taso daga keken da aka ɗora ta, takalmi ƙafa ɗaya.

Ban sani ba ko ta gane ni. Ta ja ni muka koma, ta zaunar da ni, ba ta saki ba. Da hagu nake wannan rubutun.

Ta ce, "Zauna kusa da ni. Wurin nan yara ɓata suke."